Ƙwaya Uku a Ɗakin Wake

Buhu tara na wake na kawo daga Jiratawa,
na jera su a ɗakin da ke duban gabas.
Kwana uku shiru.
Daren na huɗu sai ƙaras-ƙaras,
baƙo ya iso ba sallama: ɓera.

Na ɗana masa tarko, ya cinye ƙuli-ƙulin ya bar mini ƙarfen.
Na aro kyanwar Habsu, ta kwana bisa buhu tana minshari.
Da safe na ƙirga huji bakwai,
na ce ba don kai na sha rana ba,
haƙuri na yi, ba zan ƙara.

Ran Juma'a a babbar kasuwa
ga wani yaro da lasifika a wuya,
busassun ɓeraye na lilo a sandarsa.
"Bom! Bom! Ya ci ya mutu, bai ci ba ya mutu!"
Jama'a na dariya. Ni ma na dara.

Ƙwaya uku, ruwan toka, a ƙullin leda.
Ba kwali, ba suna, ba gargaɗi.
Dala arba'in.
Na ce yaya ake yi da ita?
Ya ce, "Baba, ajiye kawai, ta san aikinta,"
ya juya ga mai neman maganin gara.

Daren nan hadari ya taso daga wajen Madarunfa.
Yaran na kwance a tsakar gida,
ɗakinmu kuwa na yoyo tun bara.

Ni na ce a kai su ɗakin wake.
Ni na cusa tsumma a taga don kada feshi ya taɓa su.
Na ji wani wari, tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi,
na ce damshi ne.
Ban san damshin ne ke tashinta daga barci ba.
Na ja musu ƙyaure da hannuna,
har na koma na gyara.

Kafin kiran assalatu Ma'azu na amai.
Tsahiru ya dafe ƙirji, leɓensa ya yi duhu,
ya ce, "Baba, iskar ta ƙare."
Kabu-kabu biyu cikin taɓon Bagalam,
ni da ɗaya, ɗaya a bayan Barira.

Likita ya ce, me suka ci?
Tuwo da zogale, duk gidan muka ci.
A ina suka kwana?
Da na faɗa, sai ya ajiye alƙalaminsa.
Ya ce wannan ba sai an haɗiye ta ba,
ta hanci take shiga, ta sauka huhu, ta kama zuciya.
Ya ce ba ta da makari.
Za mu sa musu iska, mu sa ruwa, mu jira.

Muka jira.
Ma'azu ya buɗe ido bayan la'asar, ya nemi koko.
Tsahiru shi ya kwana jikin buhunan,
don yana son sanyinsu a bayansa.
Da kaka zai cika shekara tara.

Ɓera biyar na kwashe daga ɗakin.
Waken lafiya lau, ko ƙwaro babu.
Dillali ya zo ya yaba, ya taya da tsada,
na kasa amsa masa.
Takalmin roba ƙafa ɗaya na nan bakin ƙofa,
ba wanda ya kai shi shara.

Na koma kasuwa da niyyar faɗa.
Na tarar da yaron yana ƙulla ƙwayar da yatsu tsirara,
da yatsun nan yake tsomar ƙosai a yaji,
yana tari.
Bai wuce sa'ar ɗana na fari ba.
Na ce masa, wanke hannunka.
Na ba shi labarin tun daga inda ya fara.

Ya kashe lasifikar. Ban san na kwana nawa ba.

Jiya da dare, ƙaras-ƙaras.
Barira ta taɓa ni cikin duhu.
Na ce, na ji.
Gobe zan toshe ramin da siminti.
Yau dai ci ka ƙoshi, ɓera.